Ranar da Aka Kama Alayyahun Babana

Ranar Talata na bar gida da hantsi, tukunyar gas a kafaɗa. Na dawo bayan la'asar, tukunyar gas a kafaɗa, nauyinta bai ƙaru da ko na numfashi ba. Awa shida na yi a layi. Saura mutum uku a gabana mai sayarwa ya leƙo ta taga ya ce, "Ya ƙare," da irin muryar da ake sanar da rasuwar wanda ba a sani ba. Ban yi fushi ba, jama'a. A layin nan na yi abokai, na sasanta wasu mata biyu, na ci rabin littafi a tsaye. Ashe fushin yana can yana jirana a ƙofar gida.

Bokitaina babu. Guda goma sha ɗaya ne, tsofaffin bokitan fenti, jere a jikin bangonmu ta waje, kowanne da shukarsa. Abin da na tarar kawai shi ne zoben danshi goma sha ɗaya a kan siminti.

Maƙwabcinmu mai faci yana zaune a kan tsohuwar taya yana kankare tub. Na ce, "Maƙwabci, ina bokitaina?"

Ko kai bai ɗago ba. "An kama su."

"An me?"

"An kama su, na ce. Mota ta zo, koriya shar, da mutum huɗu masu korayen riguna da wani mai takarda a hannu. Ɗaya bayan ɗaya suka ɗauke su. Amma fa da ladabi, wallahi. Ni da aka kama ni bara ba a ɗauke ni da hannu biyu ba."

"Laifin me suka yi?"

"To, ni dai ban ji sun yi musu ba."

Kafin ku ce wannan saurayin ya cika rigima a kan ganye, bari in gaya muku abin da ganyen nan yake a gidanmu.

Babana tsohon direban babbar mota ne. Shekara arba'in ya yi a kan titi, kuma duk garin da ya taɓa tsayawa ba ya tuna shi da suna, da mai naman wurin yake tuna shi. Wata uku kafin wannan Talatar ya yanke jiki ya faɗi a gindin famfo. Muka kwashe shi sai asibiti. Likitar da ta duba shi, wadda ta isa zama jikarsa, ta cire abin awon daga hannunsa ta ce, "Baba, jininka ya hau inda ba a hawa. In aka sake irin wannan faɗuwar, ba zan yi maka alkawarin za ka tashi da ɓarin jikinka biyu suna aiki ba. A rage nama, a rage gishiri da mai. A yawaita ganye da wake."

Baba ya shafa kansa a hankali, gaba da baya, ya ce, "'Yata, ke da kika yi karatu, duba min da kyau. Ƙaho ya fito ne?"

Mama ta yi dariya a gaban likita, ta zo gida ta shiga kicin ta yi kuka. Babu dabarar da ba ta gwada ba. Ta yanka ganye ƙanana ƙanana ta ɓoye a miya, Baba ya bi su da cokali yana tsincewa, ya jera su a bakin faranti kamar shaidu a kotu. Ni kuma na shiga karatu, domin ni in abu ya tsorata ni littafi nake ruga wa. Na karanta yawan ruwan da ake ƙararwa kafin tsoka ɗaya ta iso faranti, da dazuzzukan da ake sarewa, da tulin abincin da duniya ke zubarwa alhali wasu na neman na sawa a baki. Zuciyata ta cika. Na zauna a gabansa da rana tsaka na yi masa bayanin duka, na ce cin ganye ceton jikinsa ne, ceton duniya ne kuma. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Duniya ta girme ni, ta ji da kanta. Miƙo min ƙashin can."

Sai na yi tunanin cewa mutum ba ya ƙin abin da ya girma a gaban idonsa. Na roƙi bokitai wurin mai fenti, na huda gindinsu, na zuba ƙasa da ɓawon albasa da na dankali, na shuka alayyahu da latas da tumatir da kabeji. Ruwan da Mama ta wanke shinkafa da shi nake ba su, ko ɗigo ba ma zubarwa. Jama'a, na taɓa son mutum har na rubuta wasiƙa mai shafi tara, amma ban taɓa jin abin da na ji ba ranar da tsiro na farko ya ɗago ƙasa da kansa, ɗan mitsitsi, kore, yana rawar sanyi kamar yana neman izinin shigowa duniya. Na durƙusa a gabansa hawaye na zuba. Mai faci ya zaci wayata ce ta faɗa kwata.

Bencin Baba kuwa a nan jikin bangon yake. Kullum safiya zai fito ya zauna, ya ɗora haɓa a kan sanda, ya fara zagin shukokin. Har sunaye ya raɗa musu. Latas shi ne Kunnen Jaki. Kabeji Mai Tumbi. Tumatir, saboda na kafa masa sanda ya jingina, Ɗan Gata. Akwai wani alayyahu da ya ƙi miƙewa, kullum a karkace, shi ne Malalaci. Suka girma suka yi kyau har masu wucewa na tsayawa kallo. Baba bai kai ko ganye ɗaya baki ba.

Ana cikin haka rediyo ya fara yi mana albishir. An kafa Kwamitin Gyaran Farantin Al'umma, ƙarƙashin jagorancin Mai Girma, Uban Koren Ganye, Garkuwan Tukwane, Mai Kwana Da Tunanin Cikin Talaka, Allah ya ƙara masa faɗin kujera. Za a ƙaddamar da Makon Koren Faranti. An umarci kowa ya rage cin nama domin lafiyarsa da lafiyar ƙasa.

Mai walda na layinmu ya ɗaga gilashin fuskarsa ya ce, "Mu rage nama? Ai nama ne ya rage mu. Rabona da shi tun auren ƙanwata, shi ma a hoto ne na fito kusa da shi."

Ni dai na yaba, kuma har yanzu ina yabawa. Ba ƙaramin hangen nesa ba ne a hana mutum abin da ba shi da shi. Doka ce da kowa ya riga ya bi kafin a kafa ta, ka ga an samu nasara tun ranar farko. Sun kuma ce a koma ga wake. Shi kuwa wake, Allah ya yi masa albarka, sai ya sha rabin tukunyar gas kafin ya yarda ya nuna. Biyayya ga wannan shawarar ce ta kai ni layi ranar Talata, har aka zo aka kama min lambu ba na nan.

Ranar Laraba na tafi ofishin kwamitin. Na tarar da akawu zaune a ƙarƙashin wata ƙatuwar fosta mai hoton karas yana murmushi. Da ya ji motsina sai ya tura aljihun tebur da gwiwa, amma ƙafar kazar da ke ciki ta hana shi rufuwa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, bokitai na zo nema. Goma sha ɗaya."

Ya goge yatsu a jikin wata takarda, ya duba wata. "Suna tsare. Laifinsu noma a bakin hanya ba tare da izinin noma a bakin hanya ba."

"Ina ake samun izinin?"

"Ofishin da ke bayarwa ba a buɗe shi ba tukuna. Amma an kafa ƙaramin kwamiti da zai duba inda za a sa ƙofarsa."

"Ranka ya daɗe, ba ku ne kuka ce kowa ya shuka abin da zai ci ba?"

"Mu ne. Sashen faɗakarwa ke nan, suna sama. Mu nan sashen kamawa ne."

"To a bar ni in gan su. Tun jiya ba su sha ruwa ba."

Ya dube ni da tausayi na gaske ya ce, "Ba a ziyara, ɗan'uwa. Ka dawo bayan mako."

Na dawo gida jiki a mace. Baba ya ce, "Madalla, an share min gaban ido." Amma ranar bai fita benci ba, kuma Mama ta ce ko naman da ya yi ta faɗa a kansa bai cinye ba.

Ranar Alhamis da safe doguwar mota ta tsaya a bakin layi, wani yana shela da lasifika: ana neman jama'a su cika zauren taron ƙaddamarwa, kuma duk wanda ya je akwai abinci. Sai ga Baba ya fito cikin rigarsa ta fita kunya, har da turare.

"Ina za ka, Baba?"

"Taron ganye."

"Kai?"

"Kai yaro ne. Shekara arba'in ina kai kaya wuraren taro, ban taɓa ganin taron manya da babu nama a bayan labule ba. Ko da taron hana cin nama ne. Musamman ma shi."

Mama ta ja ni gefe, ta matse min hannu har ya yi zafi. "Bi shi. In ya kai hannu, ka riƙe hannun. Ko zai tsine maka, riƙe." Idonta ya yi ja. Na ce to. Mai faci da mai walda suka rufe shago suka biyo mu.

Kai, taro ya yi taro. A waje motocin manya sun fi arba'in, kowace injinta na aiki babu kowa a ciki, don kada kujera ta yi ɗumi kafin mai ita ya dawo daga ceton muhalli. Janareta biyu na gurnani suna tura hayaƙi sama, saman da muka zo gyarawa. A kan kowane tebur robobin ruwa sun yi sahu, an kurɓi ɗaya an buɗe wata. Daga bayan wani dogon labule kuma wani ƙamshi ke tasowa wanda babu kabejin da ya taɓa yin irinsa tun da aka halicci kabeji. Baba ya shaƙa, ya dube ni, ya ɗaga gira.

A kan dandamali an jera wasu tukwanen shuka naɗe da koren yadi mai walƙiya, da allo a gabansu: LAMBUN MAI GIRMA, DA HANNUNSA YA SHUKA. Zan faɗi abin kunyata: ni da na shuka su, ni da na yi kuka a gabansu, ban gane su ba. Yadin ya ruɗe ni. Har na ce a raina, ashe mutumin nan yana da hannu.

Baba ne ya zungure ni da sanda. "Na uku daga hagu. Malalaci ne."

"Haba Baba, alayyahu ai duk kama suke."

"Kai ne ba ka san shi ba. Dubi yadda ya karkata. Kullum in ka tafi aiki sai na juya bokitin ya fuskanci rana, kullum sai ya koma inda ya ga dama. Ga Ɗan Gata can, sun karya masa sanda." Ya ƙanƙance ido. "Ƙishi suke ji. Ba su ba su ruwa ba, marasa imani."

Na juya ina kallonsa baki buɗe. Ya ƙi kallona.

Mai Girma ya hau ya yi jawabi na awa guda da 'yan kai. Ya ce shi tun yana yaro ba ya iya barci sai ya ga ganye. Ya ce cikin talaka amana ce a wuyansa, kuma daga inda nake zaune na ga alamar amanar ta sauko daga wuyan ta taru a ƙasa kaɗan. Ya tsinki ganye ɗaya, ya kai kusa da leɓe, ya tsaya cak. Masu hoto suka yi ta walƙiya. Da suka gama ya miƙa wa hadiminsa, hadimi ya naɗe a takarda ya sa a aljihu. Aka yi tafi kamar rufin zai yaye.

Sai mai gabatarwa ya ce yanzu wani dattijo daga cikin talakawa zai fito ya ba da shaida. Daga baya muka ji cewa dattijon da aka tanada, aka kuma koya wa abin da zai faɗa, ya riga ya ɓace a bayan labule. Ana ta waige-waige, sai ga Baba a tsakiyar hanya, yana dogara sanda, ya nufi dandamali. Ni ban ma ga tashinsa ba. Masu tsaro suka ga furfura da riga mai kyau, suka kama shi hannu bibbiyu suka hau da shi, aka miƙa masa makirufo.

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, da hannunka ka shuka?"

"Da hannuna, Baba."

"Allah ya yi albarka. Wannan mene ne?"

Mai Girma ya ɗan karkata kunne wajen hadimi. Hadimi ya raɗa. "Latas," in ji Mai Girma.

"Alayyahu ne. Sunansa Malalaci."

Zaure ya fashe da dariya. Mai Girma ma ya yi, har da dafa ciki, domin ya zaci yana cikin shirin.

Baba ya gyara tsayuwa. "Wata uku ɗana yana ba abin nan ruwan wankin shinkafa saboda ni. Ban ci ba. Na ce ni ba akuya ba ne. To amma shekaranjiya aka turo mota guda da ƙarti huɗu saboda shi. Ni direba ne, na san abin da ake tura wa mota. Manya ba sa ƙona mai a kan abin banza. Tunda har ya kai a sace shi, ya kai a ci shi. Kuma ba zan bar muku ba."

A daidai "ƙarti huɗu" wani mai hankali ya kashe makirufon, saboda haka mu na gaba ne kawai muka ji sauran. Abin da sauran zauren suka gani shi ne wani tsoho ya damƙi ganye cike da hannu ya cusa a baki. Fuskarsa ta yamutse kamar tsumman goge inji. Na miƙe na yi ihu, "Baba, dafawa ake yi!"

"Yi min shiru," ya ce da cikakken baki, ya ƙara tsinko wani.

Tafi ya ɓarke. Mata na guɗa, Mai Girma ya rungume shi, masu hoto na hawa kan juna. Baba ya zame daga rungumar, ya yaye koren yadin, ya saƙale sandarsa a hammata, ya sunkuya ya rungumi bokitin Malalaci da hannu biyu. Babu wanda ya hana shi. Hoto ya riga ya fita, lambu ya gama aikinsa.

A gindin matakala wata mai rabon abinci ta tare shi da wata ƙatuwar roba, kyauta ta musamman daga Mai Girma. Murfin ma ya ƙi rufuwa. Rabin kaza ne a sama, a ƙasa kuma tsokoki masu maiƙo suna sheƙi. Na taho da gudu, maganar Mama na yi min amo a kunne, amma mutane sun tare hanya. Ina kallo daga nesa. Baba ya dubi robar. Ya daɗe yana dubanta, irin kallon da mutum ke yi wa tsohuwar masoyiya a tasha. Na ga maƙogwaronsa ya motsa. Ya dubi ƙasa, kamar mai neman inda zai ajiye bokitin.

Sai ya ce, "'Yata, hannu biyu Allah ya ba ni, kin ga kuwa duk suna aiki. Ina so su ci gaba da aiki." Ya raɓa ta ya wuce.

Ni dai kun san hali. Na tsaya a tsakiyar zauren ina sharɓar kuka kamar an yi min mutuwa. Mai walda ne ya karɓi robar, ya ce ba don kansa ba, don kada a yi almubazzaranci ne, saboda muhalli.

Sauran bokitan a bayan zaure muka tsince su da aka watse, an jefar da su kusa da wani tudu na shinkafar da aka taɓa aka bari, da naman da aka gatsa sau ɗaya, da farantan roba da ba za su ruɓe ba har jikokin jikokinmu su tsufa. Mai faci ya samo baro. Takwas muka ceto. Mai Tumbi bai yi rai ba, wani ya zauna a kansa.

Yau sati biyar ke nan. Bokitan sun koma tsakar gida, bencin ma ya bi su. Baba da kansa yake tsinko ganye ya kai wa Mama kicin, ya tsaya a kanta kada ta cika gishiri. Yana ci yana mita, yana cewa ɗanɗanonsa kamar jiƙaƙƙiyar takarda, amma sai ya share farantin tas, wai gara ya cinye kafin 'yan kwamiti su dawo. Nama sau ɗaya a mako, ɗan yanki, kuma yana cinsa a hankali da idanu rufe, ba ma yi masa magana sai ya gama. Da muka koma asibiti likita ta auna shi, ta bubbuga abin awon, ta sake aunawa. Mama ta fita waje ta zauna a kan dakali tana dariya ita kaɗai.

Hoton Baba kuma yana nan a kowace kwana, baki cike da ganye, fuska a yamutse, an rubuta a ƙasa: SHIRINMU YA CANZA RAYUWARSA. Mai faci ya tsaya ya karanta ya ce tunda yake bai taɓa ganin fosta ta faɗi gaskiya bisa kuskure ba sai wannan.

Saboda haka ina miƙa godiyar iyalinmu ga Mai Girma da sashen kamawa baki ɗaya. Abin da likita da Mama da littattafaina suka kasa a wata uku, kun yi shi da mota ɗaya. Roƙo ɗaya ya rage min, ranku ya daɗe. A zuwanmu na ƙarshe likita ta ce Baba ya riƙa taka ƙafa rabin awa kowace safiya, shi kuma ya rantse direba ba ya tafiya a ƙasa. In da hali, a taimaka a fitar da sanarwa cewa an haramta wa tsofaffi yawo a layinmu.